Yanar da ta rufe idon motata: kundin aikin gyaran fitilu

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2025

Daren jiya Allah ne ya kiyaye. Muna dawowa daga Zariya ni da ƙanena, mun ɗan wuce Kwanar Dangora, ashe wata tirela ce ta lalace, rabin jikinta a kan kwalta, ba fitila ba alama, sai ganyen da aka zuba a bayanta. Ban ga ganyen ba sai da taya ta hau kansa. Na kauce da ƙyar. Muka yi shiru na ɗan lokaci, can sai ya ce, "Yaya, wai fitilar nan a kunne take kuwa?" A kunne take, duka biyun.

Da gari ya waye na fito na tsaya a gaban motar na ƙare mata kallo, abin da na jima ban yi ba. Fitilun sun zama ruwan ɗorawa, kamar haƙoran wanda ya shekara talatin yana cin goro. Sama ya fi ƙasa lalacewa, can inda rana ta fi duka. Na shafa da hannu na ji kaushi. Motar ta 2006 ce, ta Kwatano ta shigo, shekara bakwai ke nan tana hannuna, a waje take kwana a rana take yini. Abin haushin shi ne kullum ina ganinta, amma da yake a hankali yanar ta riƙa taruwa, sai idona ya saba. Ni har na fara zargin shekaru ne suka fara taɓa mini gani.

Gudun da nake yi jiya bai wuce kilomita 80 ba. Na buga lissafi: a wannan gudun mota na cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ke nan in fitila ba ta nuna maka abu sai ya rage saura mita ashirin da 'yan kai, kafin ƙafa ta bar totur ta hau birki an riga an isa.

Kafin in taɓa komai ina son ma'auni, don kada gobe in ruɗi kaina da ƙyalli. Bayan sallar isha'i na kai motar layin bayan gidanmu, miƙaƙƙe ne kuma babu fitilar kan titi. Na kunna dim, na ba babban ɗana baƙin bokiti, ya riƙa tafiya yana ƙirga taku har sai da na daina ganin bokitin daga mazaunin direba. Taku 31. Na sa dutse a inda tayar gaba ta tsaya, don kowane gwaji ya zama daga wuri ɗaya.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na gwada man goge baki, tunda kowa shi yake faɗa. Minti ashirin ina dirza da tsumma. Ya ɗan yi haske, musamman yana jiƙe. Da ya bushe sai ga ruwan ɗorawar nan daram. Bokiti: taku 33. Uwargida ta leƙo ta ce in dai da na yara zan ci gaba, to in sayo wani kafin dare.

Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Akwai ɗan gari mai gogewa a cikin man, shi ke kankare dattin haƙori, kuma yana ɗauke dattin saman fitila. Amma abin da ke damun tawa ya fi ƙarfinsa.

Laraba, 5 ga Nuwamba

A wajen wankin mota wani yaro ya ce, "Alhaji, kawo ɗari biyar in mayar maka da ita sabuwa yanzu-yanzu." Na tambaye shi da me. Ya nuna mini wata 'yar roba, na sunsuna, man birki ne aka gauraya da wani abu mai warin tina. Ya nuna mini motar da ya yi wa da safe, tana ta sheƙi kuwa. Na ce ya bari tukuna.

Da dare na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Fuskar fitilar nan ba gilashi ba ce, wata roba ce mai ƙarfi da ake kira polikabonet, wadda aka gano a 1953, a Jamus da Amurka kusan lokaci guda. Ba ta fashewa da sauƙi, ba ta da nauyi, kuma ana iya lanƙwasa ta yadda mai zana mota yake so. Rauninta biyu ne: tana saurin karcewa, kuma sashen hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, yana cin ta. Shi ya sa tun daga masana'anta ake shafa mata wata siririyar fata mai tauri da ke tare wannan hasken. Da shekaru fatar ke mutuwa, ta tsattsage, ta dusashe, rana ta samu hanyar shiga robar ta fara ƙona ta. Ruwan ɗorawar da nake gani gawar wannan fatar ce haɗe da saman robar da ya ƙone. A nan Kano ga rana a tsakar ka kusan duk shekara, ga ƙurar hunturu da ke dukan gaban mota kamar ana watsa mata yashi.

Sai na tuna Fijo 504 ta mahaifinmu, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Fitilunta gilashi ne zalla. Har aka sayar da ita ba su taɓa canza launi ba, amma sau biyu tsakuwa na fasa su a hanyar ƙauye. A Amurka ma sai a 1983 aka sassauta doka aka bar masu ƙera motoci su bar tsohuwar fitilar gilashi da ake sauyawa ɗungurungum, kuma Lincoln Mark VII ta 1984 ce ta fara fitowa da sabon salon a can. An rabu da fashewa, an gamu da yana.

Shi kuma maganin yaron nan, abin da yake yi shi ne ya jiƙa saman robar ya ɗan narkar da shi, ƙananan tsagogin su cike, sai a ga sheƙi. Ba ya cire mataccen ɓawon, ba ya kuma sa wata kariya. Polikabonet ba ta shiri da tina da man birki da danginsu, suna iya sa ta tsattsage ta ciki, irin tsagar da samfefa ba ta kai wa gare ta. Ɗari biyar ɗin nan da ta jawo mini sayen sababbin fitilu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Kasuwar Ƙofar Ruwa. Da farko na tambayi kuɗin fitilun, ko zan huta da wahala. Na Beljiyam da aka fito mini da su, biyu daga cikin uku su ma sun fara ɗorawa, wato in sayi ciwon da nake gudu. Sababbin da ba na asali ba suna da kyau a ido, amma kuɗin guda biyun ya kusa na tayoyi biyu, kuma tayoyin baya ne ke jiran canji. Na haƙura.

Akwai wani bincike da ƙungiyar direbobi ta Amurka, AAA, ta fitar a ƙarshen 2018, shi ya taimaka mini na yanke shawara. Sun auna fitilun motoci da suka kai kimanin shekara 11, suka samu waɗanda suka dusashe suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa. Sauya su da na asali ya dawo da hasken gaba ɗaya, waɗanda ba na asali ba suka ba da kashi 83 zuwa 90, gogewa kuma ta dawo da kimanin kashi 70. To daga 22 zuwa 70 da kuɗin samfefa, ai ba abin rainawa ba ne. Kuma ya sa na san iyakata tun yanzu: ba sabuwa za ta koma ba.

Abin da na sayo: samfefar ruwa lamba 600, 800, 1000, 1500, 2000 da 3000, salatif na takarda irin na masu fenti, man goge fenti, kakin goge mota, sifirit daga kyamis, da tsummoki masu laushi. Ta 3000 sai da na zaga shago huɗu. Ga wanda bai sani ba, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba ita ce mai laushi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na fara da ta hagu, da hantsi, a inuwar darbejiyar ƙofar gida. Na wanke ta da sabulu, na zagaye ta da salatif ninki biyu don kada samfefa ta ci fentin bonet da bamba. Takardun na jiƙa su a bokiti minti goma kafin in fara. Ƙaramin ɗana ya riƙe robar fesa ruwa, aikinsa kada ya bari wurin ya bushe.

Da 600 na soma, ina gogawa daga hagu zuwa dama kawai. Ruwan da ya fara gangarowa launin kunun tsamiya ne, ƙazanta sosai. Wannan shi ne mataccen ɓawon. Na ci gaba har ruwan ya koma fari kamar nono, alamar an wuce gawar an taɓa lafiyayyar roba. Na share na duba, sai gabana ya faɗi: fitilar ta zama fara fat, ko ƙwan ciki ba a gani. Yaron ya ce, "Abba, ka ɓata ta." Wani maƙwabci da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Malam, wannan ai gyaran gangar Auzinawa ne." Na yi dariyar yaƙe, don ni ma a raina haka nake gani.

Abin da na lura da shi, wanda shi ne darasin yau: da ta bushe sai na ga wasu tsibirai masu ɗan sheƙi a ƙasa da gefe, da iyaka a fili tsakaninsu da farin. Nan ne tsohuwar fatar ba ta mutu ba tukuna, kuma ta fi robar tauri nesa ba kusa ba. Zuciya ta ce a bar su tunda lafiyarsu ƙalau. Amma in aka bar su, iyakar nan za ta fito a ƙarshe kamar taswira. Dole a kankare duka, fuskar ta zama launi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa. Wannan kaɗai ya ci mini minti arba'in, kafaɗa kamar ta cire. A nan ne duk wahalar take. Wanda ya yi ha'inci a 600, babu lambar da za ta rufa masa asiri a gaba.

Daga nan 800, amma daga sama zuwa ƙasa. Dalilin sauya hanyar shi ne a gane lokacin da sabuwar lamba ta gama cinye sawun ta baya: muddin ana ganin layi a kwance, ba a gama ba. Sai 1000 a kwance, 1500 a tsaye, haka har 3000. Kowace ba ta wuce minti bakwai zuwa goma ba. A 2000 na fara hango inuwar ƙwai. A 3000, in ta jiƙe tas take, in ta bushe sai ɗan hazo.

Man goge fenti da tsumma, ana dannawa ana zagayawa, sau uku. A karo na uku hazon ya tafi. Wallahi sai da na ja baya na zauna a kan benci ina kallo. Ta hagu kamar daga kwali aka ciro ta, ta dama kamar idon tsohon jaki. Na aika a kira mini maƙwabcin nan. Na shafa kaki, na tashi saboda azahar.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na biya garejin wani dattijo mai fentin mota da muka daɗe da sani, don in yi masa burga. Ya duƙa ya shafa fitilar da bayan hannu, ya ce, "Ta yi kyau. Me ka sa mata a kai?" Na ce kaki. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ka yi mata wanka ka bar ta tsirara a rana. Kakin nan wanki nawa zai jure?"

Gaskiyarsa. Na kankare fatar da ta mutu, amma ban mayar da wata ba, ke nan robar yanzu ta fi da rashin kariya. Ya ce abin da ke riƙewa shi ne kiliya, wato fenti marar launi da ake fesawa a saman fentin mota, irin wadda ake haɗawa da hadina ta daskare ta yi tauri, ba ta gwangwanin feshi mai araha ba. Ya ƙara da abin da ban zata ba: in za a fesa kiliya, ba a goge fitila ta yi santsi. A 800 ake tsayawa, a bar ta da farin nan mai tayar da hankali, domin kiliya na buƙatar kaushin da za ta kama, kuma ita da kanta za ta cike sawun samfefar ta mayar da fuskar tas.

Na ce masa to ga shawara: ta hagu a bar ta yadda take da kakinta, ta dama a yi mata kiliya, mu ga yadda za su kasance bayan wata biyu ko uku. Ya ce, "Motarka ce. Amma ni na san amsar." Na ce gani ya kori ji, Baba.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na goge ta dama a gida, 600 sannan 800, na tsaya. Awa ɗaya. Hannu ya fara sabawa.

A gareji muka rufe gaban motar da tsofaffin jaridu, aka share fitilar da sifirit don cire maiƙo da sawun yatsa. Ya haɗa kiliya da hadina bisa awon da ke jikin gwangwanin. Ya sa takunkuminsa mai matata biyu, ni kuma da na ciro ƙyallen rufe hanci na zamanin korona sai ya ce in koma can bakin ƙofa ta inda iska ke fitowa. Hadinar nan akwai guba a cikinta da ke lalata huhu, ƙyalle ba ya tare ta. Yaransa biyu kuwa suna tsaye a gefensa ba komai a fuska, na yi magana, suka yi dariya.

Feshin farko ɗan kaɗan ya yi, kamar raɓa. Ya ce in aka jibga mai yawa tashin farko, sinadarin da ke cikinta na iya cin robar ta tsattsage. Aka jira minti goma. Na biyu ya fi kauri, kuma a nan ne abin mamakin ya faru: bindigar feshi na wucewa, farin na ɓacewa a bayanta, kamar ana zuge labule. Na uku ya rufe.

Ba mu kai ga gama murna ba iska ta taso. Hunturu ya fara shigowa, garejin kuma rumfa ce kawai. Kafin kiliyar ta sha iska ƙura ta zauna mata. Ga kuma wani ɗigo da ya gangaro a kusurwar ƙasa kamar hawaye. Dattijon ya ce laifinmu ne da muka yi da la'asar, kamata ya yi a yi da sassafe a yayyafa wa ƙasa ruwa. Kada in taɓa, kada in wanke, in dawo bayan mako.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ban fita da ita ba. Na leƙa sau biyar. In aka shafa a hankali ana jin ƙurar kamar gero a faranti.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Kiliyar ta yi tauri. Da 2000 da ruwa muka bi ta a hankali, a hankali ƙwarai, don kaurinta bai kai na takardar littafi biyu ba, in aka huda ta sai a sake daga farko. Hawayen nan ya naɗe samfefa a jikin ɗan katako ya bi kansa shi kaɗai har ya kwanta. Sai 3000, sai man goge fenti da injinsa, wanda ya yi a minti uku abin da ya ci mini rabin awa da tsumma. Ƙurar ta fita, saura ƙwaya biyu ko uku da suka nutse ciki, sai an sa ido sosai ake ganinsu.

Yanzu in ka tsaya gaban motar ba za ka bambance su ba. Ta hagu ma ta ɗan fi sheƙi.

Bokiti da dare: taku 47, daga 31. Ɗana sai da ya juyo ya ce, "Abba, har yanzu kana gani?" Kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Wani sabon abu ya ɓullo, ko in ce tsohon abu ne da yanar ta ɓoye. A hanyar Gwarzo da dare motoci uku suka yi mini walƙiya da ful, alhali a dim nake. Da na dawo na haska bangon gida, sai na ga ta dama tana kallon sama, ta hagu tana kallon ƙasa. Wataƙila tun lokacin da aka taɓa bugun bambar shekara biyu da suka wuce take haka. Da fitilar na dusashe ba ta damun kowa. Yanzu da ta samu lafiya sai ta fara kashe wa mutane ido.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Saiti. Na samu fili mai shimfiɗe a gaban wani dogon bango, na duba iskar tayoyi, na matso da motar dab da bangon na yi alama da alli daidai tsakiyar kowace fitila. Sannan na ja baya mita 7.6, na auna da tef ɗin magina. A wannan nisan, saman hasken dim ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da kimanin santimita 5. Ta dama ta haura alamar da kusan tafin hannu. Akwai ƙusar saiti a bayan kowace fitila in an buɗe bonet. Na rufe ɗaya da kwali, na riƙa juya ƙusar ɗayar har hasken ya sauko inda ake so, sannan na sauya. Kwalin ba na barinsa ya daɗe a jiki saboda zafi.

Tunda bonet a buɗe yake, na ciro ƙwayayen dim. Lamba 9006 ce a jikinsu, gilashin ɗaya ya yi duhu ta ciki. Ƙwan halojin, wato irin na motata mai siririn zare a ciki, haskensa yana raguwa da tsufa tun kafin ya mutu, don haka na sauya duka biyun. Mai shagon ya so ya tura mini masu wat 100, ya kuma nuna mini fararen nan na LED da ake yayi. Na ƙi duka. Mai wat 100 zafinsa na gasa roba da madubin ciki, yana kuma iya narka soket. Na LED kuma, madubin fitilata an ƙera shi ne don siririn zaren ƙwan halojin da ke zaune a wuri ɗaya, in aka sa wani abu daban sai hasken ya watse. Mai motar ya ga fari tas a gabansa ya ji daɗi, wanda ke tahowa kuwa ya makance. Duk mai bin hanyar Zariya da dare ya san masu irin wannan fitilar, kuma ya san addu'ar da ake yi musu.

Sababbin na riƙe su da takarda, ban taɓa gilashin da yatsa ba, maiƙon hannu na sa ƙwai ya ƙone da wuri.

Bokiti: taku 56.

Litinin, 15 ga Disamba

Sanyi ya kankama. Da asuba na ga gumi a cikin ta hagu, ta ƙasa. Da rana ta ɗaga ya tafi. Na duba bayanta, ashe robar da ke rufe mazaunin ƙwai ce ban mayar daidai ba ran da na yi canji. Na gyara. Fitila tana da 'yar ƙofar shan iska, ɗan gumi a safiyar sanyi ba komai ba ne, ruwa ya taru ya kwanta shi ne matsala.

Na kuma hana masu wanki goge fitilun da busasshen tsumma. Ƙurar hunturu a busasshen tsumma ai samfefa ce. A zuba ruwa tukuna.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Wata biyu ke nan da goge ta hagu. Na sake mata kaki sau ɗaya a Disamba, daga nan na manta, kuma da gangan ban tuna wa kaina ba, don haka yawancin mutane za su yi. Yau da rana tsaka na wanke su na tsaya a gefe. Saman ta hagu ya fara hazo, wani siririn dishi-dishi da ɗan launin shayi marar madara, daidai inda ciwon ya fi tsanani a da. Ta dama tana nan yadda aka bar ta, da ƙwayoyin ƙurarta uku.

Na ɗauki hoton su biyun a kan farar takarda don launin ya fito. A hoto ya fi bayyana fiye da ido.

Bokiti da duka biyun: taku 54. Bambancin bai taka kara ya karya ba, yana iya zama ma hazon da ke gari ne. Amma abin da ya ɗauki fatar masana'anta shekaru kafin ya fara, ga shi ya fara a wata biyu.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Yanzu ko daga nesa ana gane wadda aka yi wa kiliya. Na biya gareji, dattijon ya fito yana goge hannu, ya kalli ta hagu, ya kalle ni, bai ce uffan ba. Na ce, "Baba, na ji, na kuma gani." Ya ce in kawo ta ran Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, kuma kafin azumi ya kama don ba ya son feshi da ƙishirwa. Wannan karon a cikin shagon maƙwabcinsa mai ƙofa za a yi, a yayyafa ruwa a ƙasa.

Dole in wanke kakin tas da sifirit, don kiliya ba ta kama inda kaki ya taɓa, sannan in mayar da ita fara da 800. Ba sai na koma 600 ba tunda babu tsohuwar fata. Saura takarda ɗaya da rabi ta 800 a cikin but, za ta isa. Salatif ne ya ƙare. Zan kuma sayo takunkumi mai matata guda biyu in kai wa yaran garejin, ko za su sa.